Ciwon Da Mata Ke Jin Nauyin Faɗa: Zazzagowar Mahaifa Tana Da Magani

Gawu Babangida, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gurara a Jihar Neja, gari ne da ke kan hanyar Suleja zuwa Minna, a cikin ƙasar masarautar Suleja. Ƙasa ce ta noma, ta doya da dawa da masara, kuma duk wanda ya saba bin hanyar nan ta Dikko da Lambata ya san cewa babban rabo na wahalar ƙasar a wuyan mata yake. Matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, a kafaɗa suke ɗaukar kayansu kamar yadda suka gada kaka da kakanni, matan Hausawa da na Fulani kuwa a ka suke ɗorawa. To, ko a ka ko a kafaɗa, nauyin itace da na ruwa da na doya a ƙugu yake sauka, sau da yawa kuma mai ɗaukar kayan tana da goyo a baya, ga wani cikin a gaba.

A cikin irin wannan zama ne wani ciwo yake samun gindin zama, ciwon da ba a cika jin sunansa a rediyo ba, ba a kuma yi masa gangami. Shi ne zazzagowar mahaifa, wanda waɗansu ke kira saukowar mahaifa. Ba kasafai yake kisa ba, watakila shi ya sa aka raina shi. Amma yana iya hana mace zama, ya hana ta tafiya, ya raba ta da shimfiɗar mijinta, ya kuma bar ta shekara goma ko ashirin tana fama ita kaɗai, alhali kuwa yana da magani, wani ma maganin ko wuƙar likita ba ya bukata.

Yadda abin yake faruwa

A ƙasan marar kowace mace akwai wata shimfiɗa ta tsoka da jijiyoyi wadda ta kama ƙashin ƙugu gaba da baya. Ita ce ke riƙe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, kamar dai yadda ragaya ke riƙe da ƙwarya a ɗakin mace. Muddin igiyoyin ragaya suna da ƙarfi, ƙwarya tana nan inda aka rataye ta. In suka saki, ko waɗansu suka tsinke, sai ta karkace ta yo ƙasa. Haka kayan cikin nan suke yi, kuma hanyar da suke samu su biyo ita ce ta gaban mace.

Ko da yake mahaifa ce ta ci sunan, ba ita kaɗai ke saukowa ba. Wanda ya fi yawa ma shi ne mafitsara ta turo bangon gaba. Wani lokaci ƙarshen hanji ne ke turo bangon baya, wani lokaci kuma duka ukun ne suke tahowa tare. Ko macen da aka riga aka cire wa mahaifa, saman hanyar yana iya zazzagowa daga baya. Tun 1996 likitocin duniya suka yarda da ma'auni guda na auna ciwon, mataki na ɗaya zuwa na huɗu. A na ɗaya abin yana can ciki, mai shi ma ba lalle ta sani ba. A na biyu ya iso bakin ƙofa. A na uku ya leƙo waje, a na huɗu kuwa mahaifa ta fito gaba ɗaya tana reto tsakanin cinyoyi.

Mai ciwon takan fara jin nauyi a mara, da ciwon baya wanda ke tsananta da yamma bayan ta yini a tsaye, ya kuma lafa in ta kwanta. Daga nan sai ta riƙa jin kamar tana zaune a kan ƙwai. Fitsari yakan riƙa tsinkewa in ta yi tari ko atishawa ko dariya, ko kuwa ya ƙi fita duka, har sai ta sa yatsa ta mayar da abin ciki kafin ta samu ta yi. Bayan gida ma haka. In ya daɗe a waje, fatar wurin takan bushe, zane ya riƙa gogarta har ta zama gyambo mai jini da ruwa mai wari. Inda ya fi haɗari shi ne in mahaifar da ta fito ta lanƙwasa hanyoyin da ke kawo fitsari daga ƙoda, domin ƙodar tana iya kumbura ta lalace sannu a hankali ba tare da an ankara ba.

Babban sanadinsa haihuwa ce, musamman doguwar naƙuda, da ƙaton jariri, da haihuwa a kai a kai ba hutu. Akwai kuma abubuwan da ake yi a ɗakin haihuwa na gida waɗanda ke ƙara ɓarna: a sa mace yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, a danne mata ciki don a taimaki ɗa ya fito, ko a ja cibiya da ƙarfi don mabiyiya ta faɗo. Bayan haihuwa sai ɗaukar kaya masu nauyi, da daka, da tari mai daɗewa, da taurin bayan gida, da ƙiba. Shekaru ma suna da nasu rabon, domin in haila ta ɗauke naman wurin yakan yi laushi ya rage ƙarfi. Saboda haka ne ɓarnar da aka yi wa mace tana da shekara 20 takan jira sai ta kai 50 kafin ta bayyana.

A nan ya kamata a yaba wa al'ada inda ta yi daidai. Kwana arba'in ɗin nan da ake hutar da mai jego, a ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, rigakafi ne babba, ko da yake tafasasshen ruwan wanka da yawan kunun kanwa likitocin Zariya sun daɗe da nuna alaƙarsu da ciwon zuciyar masu jego. Abin baƙin ciki, hutun shi ne talauci ya fara cinyewa. Macen da ta haihu da kaka, doya na jiran a kai ta kasuwa, ba ta da wanda zai ba ta kwana arba'in.

Yawan masu fama da shi

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a tsakaice macen Nijeriya tana haihuwar 'ya'ya 5.3, kuma haihuwa 39 kawai cikin 100 ake yi a asibiti. Wanda aka sake yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin 'ya'yan ya sauko zuwa 4.8. A karkarar Arewa lissafin haihuwa ya fi haka, na zuwa asibiti kuma bai kai haka ba.

A ƙauyukan Farafenni na ƙasar Gambiya, inda zaman mata bai bambanta ƙwarai da na ƙasar Gurara ba, likitoci sun duba mata fiye da 1,000, suka buga sakamakon a 2002. Kashi 46 cikin 100 an same su da zazzagowa, kashi 14 cikin 100 kuma tasu ta kai a yi masu aiki. Abin da ya fi ɗaukar hankali a binciken shi ne, 'yan kaɗan ne daga cikin matan suka amsa cewa suna da wata damuwa da aka tambaye su da baki. Wani binciken na yankin Kilimanjaro a Tanzaniya, na 2018, ya gano cewa matan da ke shafe sa'o'i da yawa kowace rana suna ɗaukar kaya sun fi saura shiga haɗarin ciwon mai tsanani. Ba kuma ciwon talakawa kaɗai ba ne, domin a Amurka an ƙiyasta cewa wajen mace ɗaya cikin takwas za a yi mata aikinsa kafin ta cika shekara 80. Bambancin dai, can ana zuwa asibiti.

Shirun nan shi ne rabin ciwon. Mace ta je asibitin sha-ka-tafi, malamin da ke duba ta namiji ne, watakila ma sa'an ɗanta, ga layi a bayanta ana jin abin da take faɗa. Sai ta ce bayanta ke ciwo, ko ta ce basir ne, a ba ta ƙwayoyi ta koma gida. Ba ta faɗa wa kishiya don gudun gori. Ba ta faɗa wa miji, sai dai ta riƙa kawo uzuri ran girkinta, shi kuwa ya ɗauka ƙiyayya ce, aure ya yi tsami a kan abin da ba a taɓa furtawa ba. Ta daina zuwa biki da suna saboda tsoron wari, ta daina zuwa kasuwa saboda tafiya ta gagara, 'yar sana'ar da take riƙe kanta da ita ta mutu. Wadda ke zuwa coci ta koma kujerar baya, daga nan ta daina zuwa. Musulma kuwa ta shiga waswasi a kan tsarkinta, wata har ta riƙa barin salla, alhali malaman Malikiyya sun bayyana cewa fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba, in ya lazimci mafi yawan lokaci, ba ya karya alwala. Wannan sauƙi ne da mata da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba, don ba su taɓa yin tambayar ba.

Kafin a kai ga likita akan bi ta hannun masu sassaƙe. Zama cikin ruwan bagaruwa da maganin matsi suna iya sa fata ta ɗan tsuke na yini guda, amma ba sa ɗaure igiyar da ta tsinke, cushe-cushen ganye da kanwa kuma gyambo suke ƙarawa. Mafi muni shi ne a kira abin gishiri ko angurya a kai wa wanzami ko tsohuwa ta sa aska. Kullutun da ake gani a gaba, sau da yawa mafitsara ce da kanta, wanda ya yanke ta kuwa ya buɗe ƙofar yoyon fitsari. Wani likita mai suna Tahzib ya bi bayanan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya daga 1969 zuwa 1980, ya tarar kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo masu.

Magani ba tare da fiɗa ba

Ba kowace zazzagowa ke bukatar magani ba. Wadda aka gano tata a wurin awo, ba ta kuma damunta, ana iya barinta ana sa ido. Abin da za a nema gare ta shi ne ta rage nauyin kaya ko da za ta ƙara sawu, ta magance tari da taurin bayan gida, ta kuma ba da tazara tsakanin haihuwa.

Sai motsa tsokar ƙasan mara, wanda wani likitan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948. Mace za ta matse wurin kamar mai riƙe tusa da fitsari lokaci guda, ta riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, ta saki, ta maimaita kamar sau goma, sau uku a yini. Ba ya cin ko kwabo, ana yinsa a zaune ana tsintar shinkafa ba wanda ya sani. Gwajin da aka yi wa mata 447, akasarinsu a Birtaniya, wanda aka buga a 2014, ya nuna cewa waɗanda aka koya wa shi ɗaya bayan ɗaya sun sami sauƙi fiye da waɗanda aka miƙa wa takardar bayani kawai. Sai dai yana son haƙuri na wata uku zuwa shida, kuma ba ya mayar da mahaifar da ta riga ta fito waje.

Abin da ya fi dacewa da ƙasa irin Gurara, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne zoben tokare mahaifa, wanda likitoci ke kira fesari. Dabara ce tsohuwa, tun zamanin likitocin Girka na dā ake tokare mahaifa da 'ya'yan rumman. Na yanzu zobe ne na roba mai laushi, girma-girma. Likita ko ungozomar asibiti da aka horar za ta gwada wa mace wanda ya yi mata daidai, ta naɗe shi ta sa a ciki, ya buɗe ya tokare abin da ke saukowa. Aikin 'yan mintoci ne, ba allurar barci, ba kwanciya asibiti. In ya zauna daidai mai shi ba ta jinsa, tana aikinta, tana kuma saduwa da mijinta. Ya kamata magidanta su fahimci cewa wannan zobe ba na hana ɗaukar ciki ba ne, ba shi da wata dangantaka da robar tsarin iyali.

Yana da sharaɗinsa. Dole a riƙa cire shi ana wankewa, ana duba wurin bayan kowane wata uku zuwa shida, domin zoben da aka manta da shi shekara da shekaru yana iya cin nama har ya huda mafitsara. Yakan kuma kawo ɗan ruwa, wani lokaci ya faɗo a sake gwada wani. Ga macen ƙauye wadda kuɗin mota ke yi wa wuya, akwai labari mai daɗi daga wani gwaji na mata 340 a Birtaniya da aka buga a 2023: waɗanda aka koya wa cirewa da wankewa da mayarwa da kansu sun ji daɗin rayuwa daidai da masu zuwa asibiti, matsalolinsu ma sun fi ƙaranci. Tsofaffi kuma akan haɗa masu da wani man shafawa mai sinadarin mata, wanda ke ƙarfafa fatar wurin ya warkar da gyambo.

Aikin fiɗa

In abin ya yi nisa, ko zobe ya ƙi zama, sai fiɗa. Yawanci ta gaba ake yin aikin, ba a tsaga ciki, allurar kashin baya ta wadatar. Likita yakan ɗinke bangon gaba ko na baya da ya saki, in mahaifa ce ta sauko kuma ya zaɓi ɗaya daga hanyoyi da dama. Wadda aka fi yi a asibitocin ƙasar nan ita ce a cire mahaifar ta ƙasa, a ɗaure saman hanyar a jikin jijiyoyi masu ƙarfi. Bayan wannan babu haila, babu ciki, amma zaman aure yana nan yadda yake.

Tsoron cire mahaifa shi ke korar mata da yawa daga asibiti, kuma tsoro ne mai dalili a ƙasar da ake auna darajar mace da haihuwa. To, ba dole ne a cire ba. Akwai aikin da aka fara a birnin Mancesta na Ingila a 1888, inda ake rage bakin mahaifa a ɗaure ta da jijiyoyinta, akwai kuma wanda ake rataye ta a jikin wata jijiya ta ƙashin ƙugu. Sai dai rage bakin mahaifa yana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, ciki da naƙuda kuma suna iya warware ɗinkin da aka yi. Don haka ne likitoci kan shawarci mai sauran niyyar haihuwa ta riƙe zobe tukuna, in kuwa an yi aikin ta sami ciki, akan so a ciro ɗan ta fiɗa. Ga tsohuwa mai rauni wadda ta bar shimfiɗar aure, akwai gajeren aiki da wani likitan Faransa, Le Fort, ya bayyana a 1877, na ɗinke hanyar a rufe. Yana da sauƙi yana kuma ɗorewa, amma ba a komawa baya, saboda haka sai da cikakkiyar yardarta.

An yi wani zamani da kamfanonin Turai da Amurka suka cika asibitoci da wata ragar roba da ake dasawa ta gaba don ƙarfafa ɗinki. Ta bar dubban mata da ciwon da ya fi na farko, Ingila ta dakatar da ita a 2018, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta hana sayar da ita a watan Afrilu na 2019. Macen da aka ce za a sa mata raga tana da haƙƙin ta tambayi irinta da kuma ta inda za a sa, domin wadda ake sawa ta ciki a ɗaure da ƙashin baya daban ce, har yanzu ana amfani da ita.

Wanne ya fi, zobe ko fiɗa? A Holan an raba mata 440 gida biyu, aka buga sakamakon a 2022. Bayan shekara biyu, kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka fara da zobe sun ce sun sami sauƙi sosai, na fiɗa kuwa wajen kashi 82, amma fiye da rabin masu zoben sun koma an yi masu aiki a tsakanin. Watau fiɗa ta ɗan fi, sai dai tana da tsada da haɗarinta, ciwon kuma yana iya dawowa, musamman ga wadda za ta koma wa turmi da tulu. Bayan aiki ana son mako shida ba ɗaukar kaya ba saduwa, kuma wannan magana da miji da uwar miji ya kamata a yi ta, tun da su ne za su ɗauke mata aikin.

Inda za a dosa

Mace daga Gawu ko Lambata ko Izom tana iya farawa da ungozomar asibitin da ke kusa da ita, ta nemi mace ta duba ta in hakan ya fi mata sauƙi. Daga nan akwai Babban Asibitin Suleja, da asibitin mata masu ciki da jarirai na Jummai Babangida Aliyu a Minna, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida. Wadda fitsari ya ƙi fita, ko take ganin jini bayan haila ta ɗauke, kada ta kwana tana shawara, domin jinin yana iya zama na gyambo, yana kuma iya zama alamar sankarar mahaifa.

Yoyon fitsari ya sami masu tsaya masa. Tun farkon shekarun 1980 Dokta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya fara ɗinke mata a Babbar Ruga ta Katsina, yau kuma akwai cibiyoyin tarayya a can da Abakaliki da Ningi, ga ranar 23 ga Mayu da duniya ta keɓe masa. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya yi shelar fiɗar haihuwa kyauta ga mata marasa hali, abin da in ya isa karkara zai rage doguwar naƙudar da ke haifar da ciwukan biyu. Zazzagowar mahaifa kuwa, wadda masu ita suka ninka masu yoyon fitsari sau da yawa, har yanzu ba ta sami irin wannan gata ba.

A ƙasar Nefal sai da aka kai gwamnati ƙara. A 2008 Kotun Ƙoli ta can ta yanke hukunci cewa sakaci da wannan ciwo tauye haƙƙin mata ne, gwamnati kuma ta shiga yin aikin kyauta. Amma da aka fi ba da ƙarfi ga yawan mahaifun da aka cire a sansanonin fiɗa, sai aka yi ta kukan cewa an bar rigakafi da zobe a baya. Abin da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Neja za ta iya farawa da shi bai kai wannan tsada ba: a horar da ungozomomin ƙananan asibitocin Gurara gwada zobe, a ajiye masu shi girma-girma, a kuma sa su riƙa tambayar kowace mace da ta kawo yaro allurar rigakafi, a keɓe, ko tana jin wani abu yana sauko mata.